Yadda ake kafa ajin mata a unguwa bisa tsarin Nana Asma'u

Matan da suka taɓa zaman lakwal ko islamiyya sukan tare ni wurin suna ko biki da magana guda: "Madam, muna son mu buɗe wa matan unguwarmu aji, amma ba mu da ɗaki, ba mu da tebur, kuma ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa a taimake mu ba." Na daɗe ina riƙe da alli a firamare, na yi direktiris kafin in yi ritaya, yanzu kuma ina da ajin manyan mata a tsakar gidana a nan Maraɗi. Abin da nake ce musu shi ne su ajiye zancen ɗaki da tebur tukuna. Tsarin da na ga yana ɗorewa wata mata ce ta shimfiɗa shi a Sakkwato kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. A cikin gidanta take karantarwa, amma karatun ya isa ƙauyuka masu nisan tafiyar kwanaki.

Ki san wadda za ki yi koyi da ita

An haifi Nana Asma'u a Degel a 1793. Ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ƙuruciyarta ta ƙare ne cikin yaƙi da yunwa da tashi daga wannan sansani zuwa wancan. Duk da haka ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mijinta Giɗaɗo ɗan Laima shi ne wazirin yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bello ya rasu a 1837, kuma a shekarun da suka biyo baya ne ta kafa abin da ake kira Ƴan Taru: ƙungiyoyin matan karkara masu zuwa ɗaukar karatu wurinta, kowace ƙungiya da shugabarta da ake ce wa jaji. Ta rasu a 1864, kabarinta yana Hubbare kusa da na mahaifinta.

Mu mutanen Maraɗi akwai abin da bai kamata mu rufe ba, don wani dattijo zai tayar miki da shi tun ranar farko. Garin nan waɗanda suka ƙi bin Sakkwato ne suka raya shi. Birnin Katsina ya faɗi a 1807, sarautar ta yi yawo har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Alƙalawa ta faɗi a 1808, daga baya Gobirawa suka kafa Tsibiri. A yaƙin Gawakuke na 1836 rundunar Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi, kuma Asma'u ta yi waƙar murnar wannan nasara. In aka faɗa miki haka kada ki musa. Ki ƙara masa da sauran labarin: malfar da take ɗora wa jajinta a ka, masu binciken tarihinta sun nuna daga Innar Gobir ta aro ta, wato shugabar mata da ƴan bori ta wancan zamani, takwarar Iya tamu ta Maraɗi. Kuma da yawa daga matan da take so karatun ya isa gare su Hausawa ne da yaƙe-yaƙen nan suka kwasa, shi ya sa ta dage da yin waƙoƙi da Hausa. Ni a ganina muna da rabo a wannan gado, ko da ta hanya mai ɗaci ya zo.

Nemo jaji kafin ki nemi ɗalibai

Nan ne aikin yake. Asma'u ta san matar aure mai goyo da girki ba za ta bar gida ta yi tafiya ba, don haka ba ta ɓata ƙarfinta wajen fito da ita ba. Masu zuwa wurinta iri biyu ne: dattawan mata da suka gama haihuwa, da ƴan mata da ba a kai ga aurar da su ba. Su ke ɗauko karatun su koma da shi, su shiga gida gida su ba waɗanda ba su fita. Halin da muke ciki a unguwannin Maraɗi irin su Bagalam ko Limanci ko Zariya bai yi nisa da wannan ba. Matan kulle suna nan, masu tuyar awara da ƙosai da ba su iya barin kasko suna nan. Saboda haka ajinki kashi biyu ne tun farko: waɗanda za su zauna gabanki, da waɗanda ba za ki taɓa ganinsu a tabarmarki ba sai ta bakin jaji.

Ta yaya za ki gane ta? Ki duba wadda ake aikawa a kira in naƙuda ta tashi da dare, wadda ake nema in za a yi wa mace wankan gawa, wadda kishiyoyi ke yarda ta shiga tsakaninsu, ko uwar adashen da ba a taɓa jin zubi ya yi ƙafa a hannunta ba. Ba a tambayarta takardar shaida. Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, in tana da kai mai riƙe abu kuma mazan unguwa na sunkuya mata su gaishe ta, ta isa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai mata biyu da za su ba ki sha'awa amma ki yi hattara. Ta farko dillaliya. Gaskiya ne babu gidan da ba ta shiga, sai dai ranar da wata ta ci bashin atamfa ta kasa biya, za ta riƙa ɓuya in ta ji sallamarta, karatun ya tafi tare da bashin. Ta biyu mai ɗaukar magana daga wannan ɗaki zuwa wancan. Jaji tana ganin cikin gidajen mutane, tana ganin tukunyar da ba a ɗora ba. Magana ɗaya ta fita ta bakinta, maigida zai rufe ƙofa, kuma ba za ki ga laifinsa ba.

Kada ki aika yaro. Ki je da ƙafarki bayan la'asar, ki riƙe ɗan goro, ki zauna a gama gaisuwa tukuna. Sannan ki ce: "Inna, alfarma na zo nema. Ina da karatu amma ba ni da ƙofa, ke kuwa kowane gida naki ne. Ki riƙe mini gida biyar." Biyar ko shida sun ishe ta. In kika ɗora mata goma, gwiwa za ta gaza kafin hunturu ya fita.

Maza

Wannan ba ya son dogon bayani amma tsallake shi na kashe aji. Ki fara da mai unguwa, sannan liman, ki tafi da maigidanki ko wanki. Ki faɗi abu huɗu ƙarara: wurin da za a zauna, ranakun, lokacin tashi, da cewa babu namijin da zai shiga. Ga liman, ki tuna masa cewa Shehu da kansa a cikin Nurul Albab ya soki malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Galibinsu sun san wurin, kuma sun fi jin daɗi in su ne suka ƙarasa miki maganar. Maigidan da ya ƙi, ki ce "Allah ya huci zuciyar Alhaji" ki tashi, kada ki ja. Jaji za ta ci gaba da shiga gaisuwa. Sau da yawa in ya ga matar maƙwabcinsa na karanta takardar magani da kanta, shi zai aiko.

Abu guda kuma: a ajinki za a samu matar ɗan ɗariƙa da matar ɗan Izala a tabarma ɗaya. Ki yanke tun ranar farko cewa gardamar ƙabalu da sadalu da ta mauludi a bakin ƙofa ake ajiye su tare da takalma.

Lokaci da wuri

Ki buɗe bayan kaka, in gero da wake da gyaɗa sun shiga rumbu, wajen Nuwamba. Ƴan Taru ma da rani suke tafiyarsu. Tsakanin azahar da la'asar shi ne lokacin da mace ke da ɗan sarari, kafin a hura wutar tuwon dare. Ki kauce wa Litinin da Juma'a saboda kasuwa. Kwana uku a mako ya wadatar. Wuri kuwa tsakar gida mai inuwa, tabarmi, randar ruwa, da bango ɗaya da za a shafa wa siminti a yi masa baƙin fenti. Ki tanadi yarinya ɗaya mai lura da ƴan goyo a gefe, in ba haka ba rabin lokacin rarrashi zai cinye.

Darasin da za a iya ɗauka a ka

Dabarar Asma'u mafi girma ita ce ta mayar da karatu waƙa. Tana da wata waƙa, Sunago, da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin ƴan baitoci, yadda mace za ta rera tana daka ko tana kaɗi. Ta yi Waƙar Gewaye a kan rayuwar Shehu da tafiye-tafiyensa, ta yi Godaben Gaskiya a kan tauhidi da hisabi, ta yi Tawassuli ga Mata Masu Albarka inda ta lissafa salihan mata tun daga iyalan Annabi har zuwa na zamaninta, don ɗalibanta su san mata sun riga su a wannan hanya. Ta kuma rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci a kan neman waraka. Jaji ba ta buƙatar ɗaukar kaya, abin yana bakinta.

Ki auna kowane darasi da wannan ma'auni: in jaji ba za ta iya maimaita shi a gida na biyar yadda ta ji shi a wurinki ba, ya yi tsawo. Ki yanka shi. Ba sai kin zama mawaƙiya ba. Ga wanda muka haɗa a ajina don allurar rigakafin jarirai, bayan ungozomar asibitin unguwa ta zo ta yi mana bayani:

Ranar haihuwa allura ta fari,
Sati shida ki koma da wuri,
Sati goma, sha huɗu, ban da jinkiri,
Wata tara ta ƙyanda ce, ki yi haƙuri.

Masana waƙa za su sami abin gyara a ciki, amma yau ko yaran unguwa sun iya shi. Haka za ki yi wa farillan alwala, da haɗa ruwan gishiri da sukari na mai zawo (ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta), da watannin shekara. Abin da ya shafi lafiya kada ki ƙaga shi daga kanki, ki gayyato ma'aikaciyar asibiti ta faɗa, ke ki ɗaure shi da amsa-amo. Abin da ya shafi addini ki kai wa malama ko malam ya duba kafin ya fita. Yanzu kuma muna da abin da Asma'u ba ta samu ba: ki rera baitin a WhatsApp ki tura wa kowace jaji, wadda ba ta da babbar waya ɗanta ko jikanta yana da ita.

Sai baƙaƙe. Ana yawan tambayata, ajami ko boko? Wadda ta yi makarantar allo ta riga ta san alif da ba, kuma zunubi ne a nuna mata kamar ba ta san komai ba. Ki bar ta ta rubuta abin da take so da ajami, ki yaba. Amma waya da katin asibiti da rasit duk da boko suke zuwa, don haka boko nake sa wa ƙarfi, kuma da Hausa. Faransanci ya jira. Tun 2025 ma dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba wanda zai ce miki kin koyar da abin da ba shi da amfani. Kada ki fara da jera a, b, c har ƙarshe. Ki fara da sunanta. Mace mai shekara hamsin da ta rubuta "Hadiza" da hannunta a makon farko, za ta dawo mako na biyu. Daga nan sunayen ƴaƴanta, sannan ta nemo sunan maigida a cikin waya ba tare da ta kira yaro ba. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ki shigo da su da wuri, don sunaye da kayan gida cike suke da su. Ki leƙa ofishin yaƙi da jahilci ki nemi ƴan littattafan Hausa, in an samu to, in ba a samu ba allo da alli sun isa wata uku na farko.

Lissafi shi ne wurin da malamai masu zuwa daga lakwal suka fi tuntuɓe. Matan nan sun fi ki lissafi. Mai ƙuli-ƙuli tana sanin kuɗin tiyar gyaɗa, da na niƙa, da abin da man zai kawo, duk a ka, kafin ki buɗe kaye. Matsalarta ɗaya ce: da dala take ƙirga, takarda kuwa da tamma take magana. Abin da take kira dala ashirin an rubuta masa 100. Abin da take kira hamsin an rubuta 250. Takardar da take kira ɗari, 500 ne a jikinta, jikka kuma 1000. In ɗanta ya turo kuɗi daga Agadas ko Legas ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, lambar da ke kan rasit ba ita ce ke bakinta ba, kuma nan ne ake cutar wasu. Saboda haka ki zo da kuɗi na gaske, ƙarfe da takarda, ki baza a tabarma. Kowace ta ɗauka, ta faɗi sunansa yadda ta saba, sannan ta kwafi lambar da ke jiki a allonta. Ki yi ta wannan har ido ya saba cewa abin da aka rubuta a raba shi biyar ne a samu na baki. Sai bayan nan ki shiga tarawa da ɗebewa a rubuce, kuma da cinikinta na jiya za ki yi misali. Na ga matan da suka yi sanyi da baƙaƙe amma wannan darasi ya riƙe su har ƙarshen shekara.

Kuɗi

Ƴan Taru kan zo wa Asma'u da sadaka, hatsi da zuma da man shanu da tufafi, ita kuma ta raba wa marasa lafiya da mabuƙata. Ma'ana ɗalibai ne ke ɗauke da makarantar, har ta ɗauki wasu. Mu a nan ba baƙin wannan ba ne: a jihar Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, tsarin asusun da daga baya ya bazu ƙasashe da yawa. Ki ari akwatinsu mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, ke ba kya cikinsu. A ajina dala ashirin ake zubawa duk mako. Daga ciki ake sayen alli da kaye da bik, a ware wani abu na sabulun jajoji, saura kuma na gaida wadda ta haihu ko ta kwanta. Kada ki haɗa wannan akwati da adashe. In suna son adashe su yi nasu bayan an tashi.

Wata rana wani proje zai ji labarinku ya zo. Ki karɓi allo da littattafai da fitila ki yi godiya. Abin da nake ƙi shi ne kuɗin zama. Na ga aji a wata unguwa da ya cika maƙil lokacin da ake rabawa, ranar da kwangilar ta ƙare ko tabarmar ba a bari ba.

Ƴan mata

A kowace unguwa akwai waɗanda suka bar lakwal a aji shida ko a shekarar farko ta kolej. Ki haɗa kowace jaji da ɗaya daga cikinsu. Yarinya na karantawa tana duba rubutu, tsohuwa na ba abin nauyi, kuma iyaye sun fi sakin ɗiyarsu in da dattijuwa za ta fita. Amma wadda har yanzu shekarunta na komawa aji ne, aikinki shi ne ki mayar da ita, kada ki riƙe ta don tana yi miki amfani. Akwai dokar Disamban 2017 da ta tanadi kariya da tallafi ga yarinyar da ke cikin karatu, kuma kusan kowace makaranta tana da ƙungiyar iyaye mata da za ki bi ta hannunsu. Ki riƙa ba su labarin Asma'u, ki haɗa da na kusa: Bouli Ali Diallo, malamar kimiyya da ta riƙe ma'aikatar ilimi ta ƙasa, kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai a 1999. Ki nuna musu cewa Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana cikin garin nan, kuɗin adaidaita ne tsakaninsu da ƙofarta.

Naɗi da miƙa aiki

Asma'u ba ta bar jaji haka kawai ba. Takan ɗora mata malfa ta naɗa jan ƙyalle a kai, kowa ya gan ta a hanya ya san ko wace ce. Da wata jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu ta yi mata waƙar alhini, kamar yadda ta yi wa manyan gidansu, ta kuma yi wa wata maƙwabciyarta Halima. Jaji ba albashi take ɗauka ba, girman da aka ba ta a gaban jama'a shi ne ladanta na duniya. Mu mukan rufe shekara ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ta samo asali daga tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 suna neman a ƙara musu kujeru a shirin babban taron ƙasa. Ranar ta zo daidai, don damina na bakin ƙofa kuma kowa zai koma gona. A gayyato mai unguwa da liman su zauna a zaure, a kira kowace jaji da sunanta, a yafa mata mayafi iri ɗaya da na sauran, ɗalibanta su karanta abin da suka rubuta. A yi shi da safe, zafin Mayu ba ya ragawa tsofaffi.

Tun shekarar farko ki sa ido a kan wadda za ta gaje ki. Bayan Asma'u ƙanwarta Maryam ce ta riƙe Ƴan Taru, bayan Maryam kuma Tamodi, shi ya sa abin bai bi ta kabari ba. A shekara ta biyu ki bar wa magajiyarki rana ɗaya cikin ukun ta ja ajin ita kaɗai, kuma in ta yi kuskure a gyara bayan an watse, ba a gaban mata ba.

Rubuce-rubucen Asma'u sun kai gare mu ne don zuriyarta a gidan waziri sun adana su. Waziri Junaidu na Sakkwato ya buɗe wa Jean Boyd, wata mai binciken tarihi, takardun, ita da Beverly Mack suka tattara su aka buga a 1997. Ke ma ki sayi babban kaye mai kauri. A ciki ki rubuta kowane baiti da kuka haɗa, da sunan kowace jaji da gidajen da take riƙe, da ranar da kowace ɗaliba ta fara rubuta sunanta. A yi kwafi biyu, ɗaya wurinki ɗaya wurin magajiya. Ki naɗe naki a leda ki sa a akwatin ƙarfe saboda gara da yoyon damina, kuma duk ƙarshen wata ki sa wata yarinya ta ɗauki hoton sababbin shafuka da waya.